Rabon Mai Tuƙin Tuwo

A wani ƙauye na kudancin Maraɗi, wata mai ciki wata bakwai ta dawo daga awo da ƙwayoyin ƙarin jini ƙulle a bakin zane. Malamar gidan likita ta hore ta da cin wake, da gujiya, da zogale, da ƙwai in ya samu. Ta ji, ta yi godiya. Da dare ta tuƙa tuwo, ta kwashe wa maigida, ta kai wa uwar miji, ta zuba wa yara, sannan ta zauna kankarar ƙanzo. Ba wanda ya hana ta ci. Tarbiyya ce ta koya mata cewa mace mai kunya ba ta nuna kwaɗayi a gidan miji.

Tun yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da mamayar fara na 2004, kalmar tamowa ta shiga bakin kowa. Sai dai a idon jama'a tamowa ciwon yara ce. Yaro ake auna wa damtse, shi ake ba abincin gujiya na cikin leda, uwa kuwa mai rakiya ce kawai. A 2006 gwamnati ta mai da awon ciki kyauta, amma takardar gwamnati ba ta raba tuwo a tsakar gida.

Uwar mijin tana da tata hujja. "Ƴar nan," in ji ta, "in kin cika ciki, ɗa ya girma, wa zai fid da shi?" Wanda ya raina wannan magana bai taɓa ganin naƙudar kwana biyu a bisa amalanke ba. Tsohuwar ba marowaciya ba ce: ranar da aka sauka lafiya, ita ce mai dama kunun kanwa, mai matsa wa ɗanta ya sayo nama, mai tsayawa kan wankan jego har kwana 40. Kulawar tana nan, jinkiri kawai take yi. Ana tanadar wa maijego abin da aka hana mai ciki, alhali ƙarancin jini tun kafin haihuwa yake raunana ta.

Maigida shi ma ba ya musu, sai dai ya nuna rumbu. Geron da ke ciki dole ya kai damina, ƙwai kuwa kuɗin gishiri ne. Saboda irinsa aka kafa makarantun mazaje a jihar Damagaram wajen 2008, inda magidanta ke tattauna lafiyar matansu a tsakaninsu.

Nasihar likita ta faɗa kunnen wadda ba ta riƙe da mabuɗin rumbu, ba ta da ikon musa wa suruka. Sai ranar da ɗa ya ce, "Inna, a fara zuba mata," tsohuwa kuma ta miƙa ƙwarya da hannunta, sannan maganar malamar za ta isa cikin tukunya.