Yadda Muka Sayo Gurmin Kulob

Tun da aka rataye gurmi a ofishin malamai mutane ke tsare mu da tambaya: nawa kuka saya, a ina kuka samo shi, me ya sa ya yi baƙi haka? Wasu ma cewa suke an cuce mu. Shi ya sa mu 'yan aji biyu da aka aika muka ga gara mu rubuta yadda aka yi, tunda kuɗin na mutum 38 ne, ba namu mu kaɗai ba.

Da farko ba gurmi muka so ba. Jita muka so. Mun ga Bombino, mutumin Agadas ta Nijar, yana kaɗa ta a wayar yayan wani ɗan ajinmu, sai kowa ya ce ita za a saya don wasan ranar raba kyaututtuka. Har gardama muka yi kan yawan tsirkiyarta, sai Malam mai kula da kulob ya ce wadda aka saba gani shida gare ta, amma akwai ƙarama mai huɗu. Ya kira wani abokinsa a Sabon Garin Kano ya tambayi kuɗin ta hannu. Da ya faɗa mana, ajin ya yi tsit. Ko mun shekara muna tara kuɗin tara ba za mu kai ba. Sannan Malam ya yi tambayar da ta kashe maganar: in an sayo, wa zai koya muku a Toranke?

Gurmi kuwa akwai masu iya shi a ƙasar Ajingi da Gaya, kuma wasan da muka shirya na 'yan kokawa ne, ga shi gurmi da kokawa tare aka san su. Muka riƙa zuba ₦50 kowane mako har mako shida. Da kowa ya biya da an sami ₦11,400, amma ₦10,600 aka ƙirga (ba za mu faɗi sunaye ba, sun san kansu). Malam ya ƙara ₦2,000 daga aljihunsa. 'Yan mata sun fi maza biya a kan lokaci, amma ba a bar ko ɗaya ta bi mu kasuwa ba, kuma har yau suna yi mana gori.

Mu uku muka shiga mota zuwa Gaya, zuwa da dawowa ₦1,800. Saura ₦10,800 ke nan. Malam ya goyo kakan monitanmu a babur. Baba ya yi yawon kokawa da ƙuruciyarsa, kuma ba don shi ba da yanzu wani labarin muke ba ku.

Gurmin farko da wani dillali ya nuna mana kyakkyawa ne ƙwarai. An shafe ƙwaryar da jan fenti, an ɗaura mata tuntu kore da fari. Ya ce ₦9,000, kuma wai wani ya riga ya taya. Mu dai har mun fara taɓa aljihu. Baba ya karɓa, bai ko taɓa tsirkiya ba. Ya juya bayan ƙwaryar ya ƙwanƙwasa da farce a wuri huɗu. Wuri uku ta yi ƙara garau, na huɗun ta yi wani dum kamar an bugi tulu mai tsaga. Ya ɗaga ta ya saita ramin da ke jikin fatar da hasken rana, ya ce mu leƙa ɗaya bayan ɗaya. Daga ciki muka ga layin tsaga mai tsawon ɗan yatsa, an liƙe da gam, fentin ya rufe ta daga waje. Ya kuma girgiza ta a tafin hannunsa sai ga ɗan gari fari yana zubowa, ya ce ƙwaro na cin sandar. Dillalin ya sauko ₦6,000 nan take. Baba ya ce, "Allah ya kawo kasuwa, ɗana," ya miƙa masa kayansa.

Gaskiya ranmu ya ɓaci. Ɗayanmu har ya ce a hankali ai tsagar ƙarama ce, kuma daga nesa ba wanda zai gani.

Daga nan Baba ya ja mu a ƙafa zuwa gidan wani tsohon makaɗi da ya sani a bakin gari. Sun daɗe suna gaisawa a zaure, mu kuma yunwa na cinmu. Can ya shiga ya fito da wani abu a cikin tsohon buhu. Da ya zare shi muka kalli juna. Baƙi ƙirin, hayaƙi ya dafa shi, sandar ta yi sulɓi inda hannu ke kamawa, tsirkiya ɗaya ta tsinke, jakin da ke ɗaga tsirkiya ma babu.

Ya ce ba a kasuwa ya saye shi ba, yi masa aka yi. Shi ya zaɓi duman tun yana gona, aka bar shi ya bushe sosai kafin a raba. Maƙerin gurmin ya auna sandar da tsawon hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa har da ƙari, saboda shi dogo ne. Fatar kuma ya ce ta damo ce. Baba ya yi masa duk gwajin da ya yi wa na farko. Ko'ina ƙara ɗaya, haske bai ratsa ta ko'ina ba, gari bai zubo ba. Ya bi gefen fatar da yatsa inda aka kafe ta, ya sami wuri ɗaya da ta ɗan ɗago, ya nuna wa mai shi. Tsohon bai musa ba, ya ce shekara biyu ke nan bai taɓa shi ba.

Ya aiki jikansa ya samo guntun kara, ya fere shi da wuƙa ya yi jaki. Ya ɗaura sabuwar tsirkiya da zaren roba irin na kamun kifi, ya ja ya saki, ya ja ya saki, yana kara kunne. Hannunsa na rawa, amma da ya fara kaɗawa rawar ta tsaya. Mun sha jin kuntigin Ɗan Maraya Jos a rediyo, wanda ya rasu a 2015, mai tsirkiya ɗaya da murya siririya. Wannan muryarsa ta fi kauri, kana jin ta a ƙirji. Yara suka cika ƙofar zauren. Baba ya sunkuyar da kai bai ce komai ba.

Matsalar ita ce sandar. Da aka miƙa wa wanda zai kaɗa mana, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a cikinmu, yatsunsa da ƙyar suke kaiwa ƙarshe. Malam ya tambaya ko za a iya rage ta. Tsohon ya ce in za a yanke ta, to ya fasa sayarwa. Ya ce yaro ne zai girma ya tarar da ita. Ya nuna masa yadda zai kwantar da ƙwaryar a cinya ya ɗan karkata sandar, sai ga shi yana kaiwa, ko da yake yana cije leɓe.

Aka zo ciniki. Ya ce ₦15,000. Malam ya taya ₦9,000, ya ce albarka. Aka kai ₦10,000, albarka. Mu muna ta zufa don mun san abin da ke cikin leda. Ya ce shi taki yake so ya saya kafin ruwa ya sauka, kuma 'ya'yansa ba wanda ya ɗauki kiɗa, babban yana tuƙa adaidaita sahu a Kano. A ₦12,000 ya sallama. Malam ya zazzage ledar a gabansa ya ce, "Baba, iyakar abin da yaran suka tara ke nan." Ya ƙirga ₦10,800, yawanci tsofaffin hamsin-hamsin, ya yi dariya ya ce saura ₦1,200 mu kawo in mun samu.

Mako uku da dawowarmu aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe muka ɗauko gurmi, sai muryarsa ta mutu, fatar ta saki. A nan ne maganar an cuce mu ta fara yawo, kuma mu ma mun tsorata, har ɗayanmu ya ƙi cin abincin tara. Muka ruga wurin Baba. Ya ce danshi ne, kowace fata haka take yi da damina, ko ta kalangu. Ya ce a shanya shi a rana kaɗan, ba a kan kwano mai zafi ba, kuma a daina jingina shi da bango a ƙasa. Kafin a tashi daga makaranta murya ta dawo. Dalilin da ya sa aka buga masa ƙusa a ofis ke nan.

Wurin da fatar ta ɗago har yanzu ba a gyara ba, don haka muna roƙon masu leƙawa ofis su daina sa masa farce. Bashin kuma an tara ₦700, saura ₦500. Mun yi wa tsohon alkawarin kai masa kafin ranar raba kyaututtuka, kuma ya ce in Malam zai ɗauko shi a babur zai zo ya ji yadda yaron ya iya. Ma'ajin kulob yana aji biyu, kujerar gaba kusa da taga.