Mu Da Waƙoƙin Japan A Ɗakin Karawoke

 Mu 'yan'uwanku ne da zama ya kawo mu ƙasar Japan, wasu ta dalilin aure, wasu karatu, wasu kuwa neman abinci. Mun ga ya kyautu mu ba ku labarin wata al'ada ta mutanen nan wadda duk macen da ta zo sai ta ci karo da ita, wato karawoke, domin ƙannenmu masu shirin tahowa su zo da guzurinsu.

Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta kiɗa wanda babu muryar mawaƙi a cikinsa. Na'ura ce take sakin kiɗan, baitocin suna fitowa a allon talabijin, ke kuma ki riƙe makirfo ki rera. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera irin wannan na'ura shi ne Daisuke Inoue, wani makaɗi a birnin Kobe, a shekarar 1971, kuma bai yi rajistar mallakarta ba. A yau galibi ƙananan ɗakuna ne ake kamawa na awa ɗaya ko biyu, a rufe ƙofa, daga ke sai waɗanda kuka zo tare.

To, me ya haɗa 'yar zango da wannan? Kaɗaici ne, jama'a. Mutanen Japan suna da ladabi ƙwarai, amma shiga cikinsu sai a hankali. Za ki shekara kuna aiki da mace, ko kuna haɗuwa a ƙofar makarantar yara, ba abin da ke tsakaninku sai gaisuwa. In kin ce daga Gana kike, abin da za ta tuna shi ne cakulan ɗin kamfanin Lotte mai suna Ghana, shi ke nan hira ta ƙare. Ranar da suka ce ki zo a tafi karawoke, ranar ce suka buɗe miki ƙofa. In kin ƙi sau ɗaya, kin ƙi sau biyu, ba za su yi fushi ba, sai dai ba za su sake kiranki ba. 'Ya'yanmu suna tasowa da harshen a bakinsu, uwa kuwa in ba ta yi da gaske ba sai ta zama baƙuwa a unguwar da ta yi shekara goma.

Abin farin ciki shi ne bakin Bahaushiya bai sha wuya da Japananci. Wasulansu biyar ne kamar namu, a, i, u, e, o. Suna bambanta gajeren wasali da dogo, suna ninka baƙi kamar yadda muke yi a "hannu" da "sabbi", kuma yawancin gaɓoɓinsu baƙi ne da wasali. Matsalar tana wajen rubutu. Amma a allon karawoke ana ɗora ƙananan haruffan hiragana a kan haruffa masu wuya. Tushen hiragana kuwa haruffa 46 ne kawai, wadda ta yi karatun allo da na boko ba za su gagare ta ba.

Wajen zaɓen waƙa abu uku muke dubawa. Ta kasance mai tafiya a hankali yadda ido zai riga baki, kada ta hau sama fiye da ƙarfin maƙogwaro, sannan ta zama wadda kowa ya sani, don in kin yi tuntuɓe su ɗauke ki.

Ta farko da muke ba sabuwar zuwa ita ce "Mirai e" ta Kiroro, wasu mata biyu daga Okinawa, wadda ta fito a 1998. Kalmominta masu sauƙi ne, kuma zancen uwa take yi, shi ya sa ake yawan rera ta a bikin kammala makaranta. Wadda ta baro mahaifiyarta a Nima ko Sabon Zango ta tanadi hankici kafin ta fara. Sai "Ito" ta Nakajima Miyuki, ta 1992, wadda ta kwatanta haɗuwar mutane biyu da zaren tsaye da na kwance a wajen saƙa. A hankali take tafiya, kuma ana yawan jin ta a bikin aure. "Hanamizuki" ta Hitoto Yo, ta 2004, tana cikin waɗanda aka fi rerawa a ɗakunan karawoke, sai dai tana son dogon numfashi.

In manyan mata ne a ɗakin, a nemo "Toki no Nagare ni Mi o Makase" ta Teresa Teng, ta 1986. Wannan baiwar Allah 'yar Taiwan ce, Japananci ba harshen uwarta ba ne, amma har ta rasu a 1995 mutanen Japan suna ƙaunarta, kuma har gobe suna rera waƙoƙinta. Mukan tuna da ita duk lokacin da muka ji kunyar lafazinmu. Akwai kuma "Akai Sweet Pea" ta Matsuda Seiko, ta 1982. In kuwa 'yan mata ne, "Marigold" ta Aimyon, ta 2018, ta dace da mai kaurin murya, ita kuma "Koi Suru Fortune Cookie" ta AKB48, ta 2013, tana da rawa, kowa yakan tashi, ba mai sauraron kuskurenki.

Akwai waɗanda sai an ƙware. "First Love" ta Utada Hikaru, ta 1999, a kunne kamar ruwa, a baki kuwa hawa da gangara ce. "Gurenge" ta LiSA da "Yoru ni Kakeru" ta YOASOBI, duka na 2019, 'ya'yanmu za su matsa a saka, amma gudunsu ya fi na ido. A bar wa yara kayansu. Sannan a sani na'urorin nan, ko DAM ce ko JOYSOUND, suna da maɓallin sauke kiɗa ko ɗaga shi, kowane danni rabin mataki. In waƙa ta yi miki sama, sauke ta da biyu ko uku, ba wanda zai ga laifinki.

Wurin yana da ladubbansa. Ba a jera waƙa biyu a kai a kai, ana tafa wa kowa ko da muryarsa ta yi kama da ta agwagwa, kuma ba a kutsa kai cikin waƙar wani sai ya miƙo makirfo. Mai jin nauyi tana iya kama ɗaki ita kaɗai da rana, lokacin da kuɗin ya fi sauƙi, ta gwada muryarta. Wannan ba abin mamaki ba ne a nan.

Mun san wasu a gida za su ce me matar aure za ta je yi gidan waƙa. Tambayar tana kan hanya. Gaskiya ana sayar da giya a wuraren nan, shi ya sa muke zuwa da rana, mata zalla, da sanin mazajenmu, mu sha shayi ko lemo, mu koma gida kafin yara su taso. In taron dare ne na wurin aiki da maza a ciki, sai mu ba da haƙuri, kuma suna karɓa. Wadda zuciyarta ba ta kwanta da abin ba ko ta wace fuska, ba mu ce dole ba, ta nemi wata ƙofar, amma kada ta kulle kanta a ɗaki.

Nasiharmu ga mai tahowa ita ce ta haddace waƙa biyu tun tana gida, ɗaya ta manya ɗaya ta yara. Kuma ta riƙe waƙoƙin gaɗa da na daka da ta koya wurin kakarta, don in zumunci ya yi nisa su ma sukan ce a rera musu ta ƙasarmu, wadda babu ita a cikin na'ura.