Mun sake taya, iska nawa za mu sa?

Jama'a, da yawanmu in mun sayi sabuwar taya, lambar da ke jikinta muke nuna wa mai faci. Alhali wannan iyaka ce. Awon da ya dace yana manne a bakin ƙofar direba, kuma a motocin gudu na gaba da na baya sukan bambanta. Tayoyinsu masu siririn gefe ne, ido ba ya gane sun sace. Mu auna da safe, kafin mota ta motsa. Bar 2 kusan PSI 29 ne. In zafin kwalta ya ƙara iskar tsakanin Maradi da Damagaram, kar mu rage: ƙarancin iska ke dafa taya har ta fashe. Allah Ya tsare.