Yaron Da Yake Faɗuwa A Sahu

A watan azumin bara wani almajirinmu, ɗan shekara 13, ya yanke jiki ya faɗi a cikin sallar asham har dare uku a jere. Jama'a suka ce iska ne. Mu ma, Allah Ya gafarta mana, sai da muka yi kwanaki muna yi masa tofi, alhali kuwa da an kwantar da shi an ɗaga ƙafafunsa yake farfaɗowa.

Tun yana ƙarami yara suke kewaye shi su ga yadda yake lanƙwasa babban yatsa har ya taɓa dantse. Fatarsa tana jawuwa, ƙaramin bugu kuma ya bar masa tabo. Mun ɗauka wasa ne. Da mahaifinsa ya kai shi asibiti, likita ya ce alamun cutar Ehlers-Danlos ke nan, wadda ake gado. An sa mata sunan likitoci biyu, ɗaya ɗan Denmak da ya bayyana ta a 1901, ɗaya Bafaranshe a 1908, kuma a 2017 masana suka kasa ta gida 13. Asalinta rauni ne a cikin zaren da yake ɗaure gaɓoɓi da fata da jijiyoyin jini.

To, mai lafiya in ya miƙe tsaye, jijiyoyin ƙafafunsa sukan tsuke su mayar da jini sama. Likitoci da yawa suna ganin cewa a jikin irin waɗannan yara jijiyoyin saki suke yi, jini ya taru a ƙasa, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, sai jiri da duhun ido. Likitan ya auna shi a kwance, ya sake aunawa a tsaye. Ya ce a shekarunsa, in bugun zuciya ya ƙaru da 40 a minti cikin minti 10 na tsayuwa, abin lura ne. Zafi da ƙishirwa da doguwar tsayuwa su ne suke tsananta shi, ga shi kuwa duka ukun sun haɗu a daren azumi.

Abin da ya fi ba mu kunya, hukuncin yana gabanmu muna karantar da shi kullum. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurci Imrana ɗan Husaini, da ciwo ya kama shi, ya yi salla a zaune in tsayuwa ta gagara. Mai Risala kuma ya bayyana cewa azumi bai wajaba a kan yaro ba sai ya balaga. Mahaifinsa, ɗan kasuwa ne mai son addini, ya ƙi yarda da farko, don kada a ce ɗansa rago ne. Sai da muka zauna da shi sau biyu.

Yanzu yaron yana shan ruwa da yawa, an ƙara masa gishiri bisa ƙa'idar da likita ya yanka, yana tashi a hankali, asham kuwa a zaune yake yi a ƙarshen sahu. Maganar azuminsa bayan balaga, mun yi da mahaifin za mu koma wurin likitan tare kafin watan Sha'aban.