Lissafin teburin shayin Kawu a Mando

A shekarun da ake sayar da litar fetur naira 11, wato daga ƙarshen 1994, Kawuna yana da teburin shayi a bakin tashar Mando, inda motocin Legas da na Birnin Gwari ke lodi. Ni ne yaron teburin idan an taso daga makaranta.

Kawu bai yi boko ba, amma kullum da la'asar sai ya zazzage aljihu ya ƙirga jari. A ce naira 600 ce. Kafin ya waiwayi mai burodi, sai ya ware abin da ba makawa: kananzir, sukari, ganyen shayi, madarar gwangwani da kuɗin wuri, wajen naira 220. Waɗannan ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sun tafi. Abin da ya saura shi ne na burodi, kowane ɗaya naira 15.

A aji uku na ƙaramar sakandare malamin lissafi ya koya mana alamar ≤, wadda ke nufin abu ya tsaya ƙasa da iyaka ko daidai da ita. Da dare na rubuta a bayan kwalin sukari: 220 + 15x ≤ 600, inda x shi ne yawan burodi. Na cire 220, saura 380. Na raba da 15, ya ba ni 25 da 'yan kai. Na ce, "Kawu, mu cike ya zama 26 mana, direbobin dare suna da yawa."

Ya ce, "Ɗana, da kuɗin wa? Na ashirin da shidan nan bashi ne. Karɓo ashirin da biyar, ka dawo mini da canjina."

Naira biyar ɗin nan da ta rage tana burge ni har yau. Ba ya taɓa ta. Gwangwanin Bournvita take shiga, saboda ranar da kananzir zai yi wuya, kuma a zamanin Abacha ranakun nan ba su da adadi. Idan farashinsa ya tashi, burodin ne ke raguwa, jarin dai ba a ƙetare shi.

Ina kewar daren Mando na lokacin: ƙamshin ƙwai a kasko, 'yan kamasho na kiran fasinja, sojojin sama na tsayawa shan shayi kafin su koma bariki. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu shayin da nake zama wurinsu sun ce gas da sukari kaɗai na cinye jarin kafin a kai ga burodi. Da yawansu yanzu bashi suke karɓarsa, su biya washegari.