Cinikin biri a sama: tsohon kuɗi da hotonsa

Mu da muka taso a fatauci tsakanin Maraɗi, Agadas da Tamanrasset, mun san ciniki da hannu ake yin sa. Ka ɗauki kaya ka jinjina, in azurfa ce ka buga ta a dutse ka saurari kukanta. Yanzu kuwa yawancin masu sayen tsofaffin kuɗin da nake tarawa a gefen shagona ban taɓa ganin fuskarsu ba. Suna Aljiyas, suna Oran, wasu suna Kano. Sai dai su ce a WhatsApp: "Alhaji, turo hoto." A kan hoton nan za a yi tayi, a kansa za a sallama ko a fasa.

Kuɗin da suka fi zuwa hannuna kala uku ne. Akwai riyal mai hoton sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, wanda ayari ya daɗe yana ratsa Sahara da shi. Akwai dalar Faransa ta azurfa, mai faran 5, mai nauyin giram 25. Sai kuɗin Ingilishi na iyayenmu: anini da kwabo masu huda a tsakiya, da taro, da sisi, da sule, waɗanda aka bar kashewa tun kafin naira ta zo a 1973 ko kuma da zuwanta. Mata ne suka fi ajiye su, a ƙasan adaka ko cikin kumbo, kuma idan buƙata ta taso su ne ake fara fitowa da su.

Abin da na lura shi ne, kuɗi ɗaya yana da fuska biyu a waya. Na taɓa ɗaukar wata dala da rana tsaka a ƙofar shago, hasken ya buge ta ta yi fari fat, rubutun ya ɓace. Kwana uku ba wanda ya tanka. Ɗana ya ɗora ta a kan baƙin ƙyalle, a inuwa, haske na shigowa daga gefe ɗaya. Nan take rubutun ya fito, kowane harafi da inuwarsa. Kafin magariba mutum biyu suna tayi. Dalar ba ta canza ba, idon mai saye ne ya samu abin kamawa.

To amma a nan haɗarin yake. Hasken da ke fito da kyau, in ka karkata shi kaɗan, yana ɓoye karce. Wayoyin yanzu kuma da kansu suke gyara hoto, su shafe tabo kamar yadda suke shafe ƙurajen fuska. Mai saye ya biya kuɗin abin da ya gani, kaya ya isa hannunsa ya tarar da wani abu daban. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa ɓoye aibin kaya algus ne, ko a buhu aka ɓoye ko a hoto. Kuma a ƙasar da muke baƙi, sunan Bahaushe ɗaya in ya ɓaci, na sauran ma ya taɓu.

Ga wani abu da iyalanmu ya kamata su sani. Kada a wanke tsohon kuɗi. Da yawa in za su sayar, sai su goge da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli a hoto. Masu tara kuɗi wannan duhun da shekaru suka ɗora shi suke nema. Turawa suna auna lafiyar kuɗi da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke mai suna Sheldon ya fito da shi a 1949, kuma kamfanoni irin PCGS da NGC ba sa ba kuɗin da aka goge lamba, sai su rubuta cewa an wanke shi. Da an rubuta haka daraja ta faɗi. Haka wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don sarƙa: sau da yawa ba ya wuce kuɗin azurfarsa, sai maƙeran Buzaye su saya su narkar.

Shi ma mai saye kada hoto ya ruɗe shi. Riyal ɗin Mariya Tareza kusan duk 1780 aka rubuta a jikinsa, shekarar da ta rasu, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekara har zuwa zamaninmu a Biyana. Ganin 1780 ba shaidar tsufa ba ce. Na gaskiya nauyinsa giram 28 ne da 'yan kai, yana da rubutu a bakinsa, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi. Haka kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta a shekarar: labarinsa na da daɗi, amma an buga shi da yawa, kada a tsuga maka kuɗi.

Ni dai yanzu hoto huɗu nake turawa: gaba, baya, baki, da kuɗin a kan sikeli lambar tana fitowa. In akwai karce, shi nake fara nunawa. Wani lokaci farashi ya ragu, amma kaya ba ya dawowa, mai saye kuma shi ke dawowa.

Gargaɗi na ƙarshe ga 'yan uwa. Aljeriya tana da doka mai lamba 98-04 ta shekarar 1998 da ke kare kayan tarihi. In wani ya kawo maka kuɗin Rumawa ko wani da aka tono daga ƙasa, kada ka saya, kada ka sa hotonsa a Facebook, balle ka nufi In Gezzam da shi. Hoton da ka tura don ka samu mai saye, jandarmomi ma suna iya ganin sa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin wani.