Jaki, Doki da Mutuwa a Gidan Kallon Gabi

Litinin

Ɗan yayana ya bar mani gidan kallonsa a dararen da ba ƙwallo, bisa sharaɗin ni zan riƙa zuba wa inji mai. Idon mutanen Gabi ya saba da finafinan Kano da na Indiya masu fassarar Hausa. Ni kuwa abin da ke cikin kwamfutata finafinan Turai ne, irin waɗanda ko a Faransa ba kowa ke jure su ba. Na fara da Au hasard Balthazar na Robert Bresson, fim ɗin 1966 da ke bin rayuwar wani jaki daga hannun wannan zuwa hannun wancan. Na tsaya gefen allo ina tafinta.

Samari na gane ba waƙa ba rawa, suka sulale. Wata inna ta ce, "Mushe, mutanen nan lafiyarsu ƙalau kuwa? Ba mai dariya, ba mai kuka." Haka Bresson yake so, ba ya ɗaukar gogaggun ƴan wasa, kuma yana hana fuska nuna abin da ke zuci. Masu jakuna dai ko gezau. Da wani yaron banza a fim ɗin ya cinna wa jelar jakin wuta, wani dattijo ya miƙe tsaye ya ja masa Allah ya isa. Da aka ɗora wa jakin kayan fasa-ƙwauri aka nufi iyaka da dare, wuri ya kaure da dariya: ashe Turawa ma suna fito! Mu da Jibiya ke nan kusa, ba sai na fassara wannan ba.

Talata

Yau ƙwallo. Na zauna wurin ƴan dara na ba su labarin Jean Rouch, Bafaranshen da ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. A 1954 ya koma Ayoru ya nuna wa masunta Sorkawa fim ɗin da ya ɗauka na farautar dorinarsu. Suka ce masa kiɗan da ya sa kuskure ne, wannan farauta shiru take so. Daga baya ya cire kiɗan. Baba mai dara bai ko ɗago kai ba ya ce, "To, da wa zai tambaya, dorinar?"

Laraba

Fim ɗin Ingmar Bergman na 1957, wanda wani barde ya dawo daga yaƙi ya iske annoba ta ci ƙasar Suwidin, ya zauna bakin teku yana buga darar Turawa da Mutuwa don ta jinkirta masa. Ƴan dara sun cika gaba, sun dame ni da son sanin ƙa'idar wasan. Inda barden ya ture ƴaƴan dara da gangan don masu wasan kwaikwayo su tsere da jaririnsu, suka yanke hukunci cewa maguɗi ne, amma maguɗin kirki.

Alhamis

Bayan la'asar malamin unguwa ya aiko a kira ni. Na ɗauka faɗa ne. A fim ɗin jiya, bai damu da an zana Mutuwa da farar fuska da baƙar alkyabba ba, wannan, in ji shi, shirmen masu fim ne. Abin da ya tsaya masa shi ne ciniki da ajali, da kuma barden da ke ta neman Allah ya amsa masa da murya. Na ce, "Allah gafarta Malam, Bergman ɗan limamin coci ne, da wannan tambayar ya girma." Ya ce, "Ɗana, tambaya ba laifi ba ce. Amma wadda ta ba barden madara da ƴaƴan itace a tsakiyar annoba, wa ya aiko ta?" A ganina Malam ya kama zuciyar fim ɗin fiye da yawancin sharhin da na karanta a Yamai.

Juma'a

Dokin Turin na Béla Tarr, 2011, kusan awa biyu da rabi, magana kaɗan. Tsoho mai shanyayyen hannu da ƴarsa, iska ba tsayawa, dankali ɗaya ɗaya kowace rana, a ɓare shi da zafinsa. Masu sharhi na cewa jinkirin fim ɗin ne ke korar mutane. A nan matan da ke baya suka bi yarinyar rijiya da ido, suna lura da yadda take riƙe bokiti cikin iska. Da rijiyar ta ƙafe aka yi salati. Da tsohon da ƴarsa suka kwashe kaya suka haura tudu, aka ce madalla, sun tafi cin rani. Da suka juyo gida ba dalili, nan fim ɗin ya rasa Gabi. Hayaniya ta tashi: ba su da dangi ne? Ba gari gaba? Wanda ya ga yunwar 2005 a Maraɗi ya san fari, amma bai yarda mutum ya zauna ya jira duhu ba.

Asabar

Ɗan yayana ya ce kasuwarsa na neman mutuwa, gobe Indiya za ta dawo. Masu jakuna sun roƙi a maimaita na jakin, sun ce su za su haɗa kuɗin mai, da sharaɗin in rage surutu.